Sauro, Ɓargo da Amosanin Gaɓoɓi: Tambayar Ibadan da Ta Kwana Shekara Hamsin

Duk shekara idan damina ta kankama, daga watan Yuli zuwa Oktoba, ana raba wa yara 'yan wata uku zuwa shekara biyar ƙwayoyin rigakafin masassara a ƙauyukan Galma Kudawace da sauran ƙasar Madawa, wata-wata. A 2013 aka soma wannan aiki a Nijar, kuma Madawa da Buza suna cikin gundumomin farko, da taimakon ƙungiyar likitoci ta MSF. Cikin waɗanda suka yi shekaru suna gwaje-gwaje har Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da dabarar a 2012 akwai wani likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, wanda ya yi shekara goma a Zariya. Duniya ta san shi da aikin sauro da na sanƙarau. Kaɗan ne suka san cewa hanyar da ta kai shi ga sauro ta bi ta ciwon gaɓoɓi ne, wani iri da ya nema a Najeriya ya yi ta rasawa.

Ciwon gaɓa ba baƙo ba ne a Adar da Gobir Tudu. Macen da ta yi shekara talatin tana daka, tana jan guga daga rijiya mai zurfi, tana tsugune a fadamar Tarka lokacin dashen albasa, ko irin matan da suka ɗauki duwatsu a ka a aikin gyaran ƙasa na Keita da aka fara a 1984, ba sai likita ya gaya mata gwiwa tana ƙarewa ba. Wannan zaizaya ce, guringuntsin da ke tsakanin ƙashi da ƙashi ya cinye saboda aiki da shekaru. Akwai kuma ciwon ƙashin masu sikila, wanda toshewar ƙananan hanyoyin jini ke kawowa. Duka mukan haɗa mu ce sanyin ƙashi ko amosani. Na ukun shi ne wanda likitoci ke kira rumatoyid, kuma asalinsa daban ne: garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta afka wa lallausar fatar da ke shimfiɗe a cikin gaɓa. Yakan fara da yatsu da wuyan hannu, dama da hagu a tare. Mai shi yakan tashi da safe hannu a sanƙare, a yi sa'a guda ko fiye bai iya kama buta ba, in mace ce ɗaurin zani ma ya gagare ta. Ya fi kama mata, kusan ninki uku. In aka bar shi, kumburin ya ci guringuntsi, ya ci ƙashi, yatsu su karkace har abada. A Turai, cikin kowane mutum ɗari ko ɗari biyu akan sami ɗaya mai shi.

Greenwood ya sauka asibitin koyarwa na Ibadan a 1965, yana saurayin likita da ya saba ganin irin waɗannan hannuwa a ƙasarsu. A Ibadan sai ya ga ba sa zuwa. Ya koma ɗakin ajiyar takardu ya bi bayanan waɗanda aka kwantar cikin kimanin shekara goma, kusan mutum dubu 100. Masu rumatoyid ba su kai hamsin ba. Sauran cututtukan da garkuwa ke cin mai ita, irin su lufus, mai kama fata da gaɓoɓi da ƙoda, su ma 'yan ƙalilan ne, alhali a Amurka lufus ya fi addabar baƙaƙen fata, jikokin mutanen da aka kwasa daga wannan yankin namu. Jini ɗaya, ƙasa biyu, cuta ta yi yawa can ta yi ƙaranci nan. A 1968 ya buga abin da ya gani a mujallar Lancet, tare da wani hasashe da ya zo wa mutane a baƙo: ƙila cututtukan da ɗan Afirka ta Yamma ke fama da su tun yana goye, musamman masassarar cizon sauro, su ne suke sauya garkuwarsa har ba ta cika juyowa kansa ba.

Mai hankali zai ce takardun asibiti ba su ne ƙasa ba, kuma gaskiyarsa. Tsohuwar da yatsunta suka karkace a ƙauye wanzami za ta kira ya yi mata ƙaho, ba za ta hau mota zuwa Ibadan ba. Ga shi a wancan zamani masu kaiwa shekara hamsin, lokacin da ciwon ya fi bayyana, ba su da yawa. Saboda haka aka fita ƙauyuka. Greenwood da wasu likitoci biyu 'yan Holan, Muller da Valkenburg, suka duba hannuwan mutane a karkarar yammacin Najeriya da Laberiya. Ciwon ya kasance kaɗan, inda aka same shi ma da sauƙi. Amma gwajin jini ya fito da wani abu da ya fi ƙarancin ciwon ɗaure kai. Akwai wani sinadari da garkuwa ke ƙerawa wanda a Turai ake ɗaukarsa alamar rumatoyid. A jinin 'yan Najeriya masu ƙoshin lafiya sai ga shi da yawa, fiye da yadda ake samu a jinin Turawa masu lafiya. Wato makamin yana nan a jini, an ƙera shi, amma gaɓoɓi suna zaune lafiya. A ganina wannan shi ne ainihin ƙullin, kuma shi ne ya fi daɗewa ba a kwance ba.

Da ya koma Ingila neman ilimin garkuwar jiki, sai ya gwada hasashensa a kan dabba. Tun 1956 wani likitan Amurka, Carl Pearson, ya nuna cewa idan aka kwaɓa matattun ƙwayoyin tarin fuka da mai aka yi wa babban ɓera allura, bayan kamar mako biyu gaɓoɓinsa za su kumbure irin na mai amosani. Greenwood da abokan aikinsa, Voller da Herrick, suka sa wa irin waɗannan ɓeraye ƙwayar masassarar ɓera, sai kumburin ya zo da rauni. Suka koma kan wasu ƙananan ɓeraye 'yan asalin Niyuzilan waɗanda ke gadon cuta mai kama da lufus, ƙodarsu ta lalace su mutu da wuri. Waɗanda aka sa wa masassara tun suna ƙanana suka tsira daga ciwon ƙodar, suka daɗe a raye. An buga sakamakon duka biyun a 1970. Wannan kusan shekara ashirin ke nan kafin David Strachan ya fito a 1989 da ra'ayin da ya shahara a Turai, cewa ƙarancin haɗuwa da ƙwayoyin cuta a yarinta yana sa garkuwa ta riƙa wuce gona da iri.

A wannan shekarar ta 1970 ya dawo Najeriya, wannan karon Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A nan ne aka gwada maganar a jikin ɗan'adam, kuma 'ya'yan Hausawa ne suka ba da amsar. A 1972 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa yaron da ke cikin masassara, idan aka yi masa allurar rigakafin tetanus ko ta taifot, jikinsa ba ya amsawa da ƙarfi kamar na yaro mai lafiya. A 1978 shi da Williamson, mai aiki tare da shi, suka ƙara gano cewa raunin ba ya tafiya tare da zazzaɓin: ko bayan wata guda da warkewa, allurar sanƙarau ba ta kama jiki yadda ya kamata. An tabbatar ke nan cewa sauro yana danne garkuwa. Sai dai Zariya ta wancan lokaci tana cikin annobar sanƙarau, yara suna mutuwa da ƙyanda da masassara, kuma ba likitan kirki da zai bar wannan ya bi ciwon da ba ya gani. Greenwood ya juya ga abin da ke kashe mutane, a 1980 ya wuce Gambiya. Tambayar gaɓoɓi ta zauna inda ya ajiye ta.

Wasu sun taɓa ta daga baya, amsoshinsu kuma suka saɓa. A Afirka ta Kudu, a 1975, an sami ciwon ƙalilan ne ƙwarai a wani ƙauyen Tswana, amma a Soweto, cikin birni, yawansa ya kusa na Turai. A 1993 Alan Silman da abokansa suka duba kusan mutum dubu biyu a karkarar kudu maso yammacin Najeriya, ba su sami ko mutum ɗaya mai rumatoyid ba. Sai ga Farfesa Olufemi Adelowo a 2010 ya buga bayanin majinyata 200 daga asibitin gaɓoɓi guda a Legas, da yawansu ciwon ya riga ya yi musu ɓarna. Ni ban ga dalilin zaɓen ɗaya a jefar da ɗaya ba. Ƙarancin da aka gani a ƙauye na gaske ne, domin gida-gida aka bi. Haka kuma gaskiya ne cewa inda babu likitan gaɓoɓi ba a ganin ciwon gaɓoɓi, kuma maganar "ba ya kama baƙar fata" ta sa an sallami mata da yawa da maganin ciwon jiki kawai. Akwai ƙananan dalilai da suka cancanci a sa su a ma'auni. Wani nau'in gado da ke jawo ciwon a Turawa ya yi ƙaranci a mutanen da Silman ya duba. Taba sigari, wadda ke cikin manyan masu tayar da shi, ba ta yaɗu tsakanin matanmu ba. Juna biyu yakan kwantar da shi, abin da Philip Hench ya rubuta tun 1938, kuma macen karkara takan yi shekarunta tsakanin ciki da goyo. Ga kuma kulorokin, nibakin ɗin da iyayenmu suka sha kamar ba gobe, wanda shi da ɗan'uwansa haidirokzikulorokin magungunan lufus da rumatoyid ne har yau. Duk waɗannan suna iya rage adadi. Ba ɗaya cikinsu da ya bayyana abin da ya faru da ɓerayen 1970, waɗanda ba su sha taba ba, ba su sha nibakin ba.

Bakin zaren ya fito ne daga wani wuri da ba ruwansa da sauro. A birnin Mosko, daga ƙarshen shekarun 1960, Alexander Friedenstein yana nazarin ɓargo. An riga an san cewa a cikin ɓargo akwai ƙwayoyin tushe masu haifar da jini, ja da fari. Shi sai ya gano wasu daban, 'yan kaɗan, masu manne wa kwanon gwaji, waɗanda ke iya zama ƙashi ko guringuntsi ko kitse. A 1991 Arnold Caplan na Amurka ya sa musu sunan da ya bi su, aka kuma ɗora musu babban buri: a ɗebo su, a yawaita su, a zuba a gaɓar da ta cinye su gina sabon guringuntsi. A ɗaya gefen, a ƙasar Holan, Dirk van Bekkum ya nuna a 1989 cewa ɓeran da aka sa wa irin amosanin Pearson yana warkewa idan aka ƙone ɓargonsa da haske mai ƙarfi aka dasa masa sabo. Da aka gwada irin wannan dashe a mutane, rahoton 2004 kan majinyata 76 ya nuna sauƙi na ɗan lokaci, sannan ciwon ya dawo wa yawancinsu, ga haɗarin aikin. Ba a ci gaba da shi sosai don rumatoyid ba. Amma ya nuna inda za a duba: abin da ke faruwa a yatsa, daga cikin ɓargo ake shirya shi.

A 2002 masu bincike a Italiya da Amurka suka lura cewa ƙwayoyin Friedenstein, idan aka haɗa su da fararen ƙwayoyin jini masu kai hari, sukan hana su yaɗuwa. A 2004 likita Katarina Le Blanc ta birnin Sitokholm ta gwada wannan a kan wani yaro ɗan shekara tara da aka yi wa dashen ɓargo, sabuwar garkuwar ta juyo tana cin hanjinsa da hantarsa, duk magani ya gaza. Aka ɗebo ƙwayoyin daga ɓargon mahaifiyarsa aka sa masa ta jijiya, sai ya farfaɗo. Daga nan masu binciken gaɓoɓi suka ce, to, mu ma bari mu gani.

Suna da dabbar gwaji a hannu. Tun 1977 David Trentham ya nuna cewa idan aka yi wa ɓera allurar kolajin, furotin ɗin da ake gina guringuntsi da shi, garkuwarsa za ta ɗauki nasa guringuntsin a matsayin abokin gaba, ƙafafunsa su kumbure. Gwajin farko a Monfeliye ta Faransa, a 2005, bai yi nasara ba. Ƙwayoyin ba su rage komai ba, kuma masu binciken suka nuna cewa sinadarin kumburi da ake kira TNF yana iya kashe musu kaifi. A 2007, a birnin Jenowa na Italiya, Andrea Augello da abokansa suka yi wa ɓeraye allura ɗaya tak ta ƙwayoyin da aka ɗebo daga ɓargon wani ɓera, sai ƙashi da guringuntsi suka tsira daga mummunar ɓarna, TNF ya ragu a jini, ƙwayoyin garkuwa masu tsawatarwa suka ƙaru. A 2009 a Giranada ta Sifen aka sami irin wannan da ƙwayoyin da aka ciro daga kitsen ɗan'adam. Har yau sakamakon yakan bambanta daga ɗakin gwaji zuwa wani, gwargwadon irin ɓeran da lokacin da aka yi allurar. Amma cikin rahoton Jenowa akwai wani bayani da ya fi nasarar kanta muhimmanci. Da suka duba gaɓoɓin da suka tsira, ba su ga ƙwayoyin da suka zuba ba. Ba su je can ba, balle su gina komai.

To ina suka tafi? A 2009 ɗakin binciken Darwin Prockop ya bi sawunsu: idan ta jijiya aka sa su, yawancinsu a huhu suke maƙalewa, domin sun fi ƙananan hanyoyin jinin huhu girma, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu akasarinsu sun ɓace. Shekaru aka yi ana ɗaukar wannan a matsayin cikas, ana neman dabarar da za ta sa su daɗe. Sai a 2017 Antonio Galleu da Francesco Dazzi a Landan suka juya maganar. Suka nuna cewa garkuwar mai karɓa ce take kashe ƙwayoyin, kuma sai an kashe su ɗin ake samun amfani. Majinyatan da jininsu ya fi iya kashe su a kwanon gwaji su ne suka fi samun sauƙi. A 2018 masu bincike a Rotadam suka ga abin da ke biyo baya: wasu fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu haɗiye matattu da datti ne, bari mu kira su mahaɗiya, su ne suke cinye gawarwakin, kuma da sun ci sai halinsu ya sauya. Su daina fitar da sinadaran hura kumburi, su koma fitar da masu kwantar da shi, su bazu cikin jiki da wannan sabon hali, su kuma tayar da ƙwayoyi masu tsawatarwa. Manomi zai gane wannan da sauri. Takin da aka zuba a gona ba ya zama gero. Ruɓewa yake yi, ƙasa ta ci, ita ta yi aikin.

Abin da ya ƙara tabbatar da haka shi ne ba lallai sai ƙwayoyin tushe ba. Tun ƙarshen shekarun 1990 an san cewa mahaɗiyar da ta ci ƙwayar da ta mutu mutuwar tsari, ba ta fashewa ba, takan fitar da sinadaran lallashi. A 2007 a Edinbara, Mohini Gray ta kare ɓeraye daga amosanin kolajin da allurar matattun ƙwayoyin jiki kawai. A 2016 a Bezanson ta Faransa aka rage ciwon da irin wannan allura bayan ya riga ya kama. Shi kansa Caplan, a 2017, ya fito ya ce ƙwayoyin da ya raɗa wa suna ba gini suke yi a jikin majinyaci ba, saƙo suke isarwa.

Yanzu a dubi jikin yaron da masassara ta kama a Galma cikin watan Agusta. Ƙwayar cutar tana shiga jajayen ƙwayoyin jini, ta ci, ta fasa su, ga wasu masu yawa da ba ta shiga ba su ma suna lalacewa. Wa ke kwashe wannan tarin? Mahaɗiya, a saifa da hanta da ɓargo. Shi ya sa saifar yaran da ke yawan masassara take kumbura har a taɓa ta a ƙarƙashin haƙarƙari. Suna haɗiye gawarwakin jini tare da wani baƙin gari da ƙwayar cutar ke bari bayan ta ci jini, kuma tun shekarun 1990 aka nuna cewa mahaɗiyar da ta cika da wannan gari takan yi sanyi wajen aiki. A 1999 a Okisfod aka nuna cewa jan jinin da cutar ta shiga yana hana wasu 'yan'uwan mahaɗiya, ƙwayoyi masu rassa waɗanda ke kai rahoton abokin gaba ga sauran garkuwa, su balaga. Abin da allurar Jenowa ta yi sau ɗaya, sauro yana yin mai kama da shi kowace damina.

Gwajin da ya fi kusa da rufe maganar ya fito a 2021, daga ɗakin binciken Silvia Bolland a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka. Sun maimaita aikin 1970 da kayan aikin zamani: ɓeraye masu gadon lufus, aka sa musu masassara, ƙodarsu ta tsira. Sai suka auna makaman da garkuwar ke ƙerawa a kan jikinta. Ba su ragu ba ko kaɗan. Abin da ya ragu shi ne wani rukuni na ƙwayoyi masu rassa da ke fitowa daga ɓargo su kutsa cikin ƙoda su kira sauran mayaƙa. Sannan suka ɗebo ɓargon ɓeran da ya taɓa yin masassara suka dasa wa wanda bai taɓa yi ba, sai ga ƙwayoyin da sabon ɓargon ya haifa su ma ba sa iya kutsawa ƙodar. Cutar ta wuce, amma ta bar tabo a wurin da ake haifar jini.

Wannan ya yi daidai da abin da ya ɗaure wa Greenwood kai a ƙauyukan Yarbawa. Cutar garkuwa tana da mataki biyu. Na farko jiki ya ƙera makami a kan kansa, kuma masassara ba ta hana wannan, tana ma ƙara shi, shi ya sa jinin masu lafiya ya cika da alamar rumatoyid. Na biyu a sami masu ɗaukar faɗan su kai shi cikin gaɓa ko ƙoda su hura shi ya ƙi mutuwa, kuma waɗannan 'ya'yan ɓargo ne. A nan ne sauro yake taɓawa, a nan ne kuma matattun ƙwayoyin tushe suke taɓawa. Dole a faɗa a fili cewa gwajin 2021 na ƙodar ɓera ne, ba na yatsun mace ba, kuma haɗa shi da amosani fahimta ce da hujjoji suka karkata gare ta. Amma ita ce fahimtar da ta ɗauki ɓerayen 1970, da yaran Zariya, da jinin ƙauyawan nan, da ƙwayoyin da suka ɓace a Jenowa, ba ta zubar da ko ɗaya ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ashe sauro yana da rana. Garkuwar da aka danne ba ta zaɓen abin da za ta ƙyale. A Gambiya, a 1987, Greenwood da David Mabey sun nuna yadda wata ƙwayar cutar hanji, salmonela, take shiga jinin yara ta yi kisa a daidai lokacin masassara, kuma a 2012 aka gano cewa ɗaya daga dalilan shi ne fararen ƙwayoyin da ɓargo ke fitarwa a lokacin suna fitowa da rauni. Tabon da ya kare ƙodar ɓera da wanda ya buɗe wa salmonela ƙofa a wuri ɗaya suke. A 2023 masassara ta kashe kusan mutum dubu 600 a duniya, akasarinsu yara ƙanana 'yan Afirka, kuma Najeriya da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da Nijar da Tanzaniya su huɗu suka ɗauki fiye da rabin wannan adadi. Babu ciwon yatsa da za a saya da wannan farashi. Amfanin sanin sirrin shi ne a raba kariyar da cutar, a sami hanyar lallashin mahaɗiya ba tare da an binne yaro ba.

A jikin mutum kuwa, allurar ƙwayoyin tushe ba ta kai inda ta kai a ɓera ba. A Sin an ba da rahoto a 2013 kan majinyata 172 da aka yi wa gwaji da ƙwayoyin igiyar cibiya, aka ce an ga sauƙi, sai dai tsarin gwajin bai kai a yanke hukunci da shi ba. A Sifen, a 2017, an gwada na kitse a kan mutum 53 da sauran magunguna suka gaza musu: ba a ga babbar illa ba, an ga alamar sauƙi, amma bai daɗe ba kuma adadin ya yi kaɗan. Dalili ɗaya a bayyane yake. Ɓera ana yi masa allura ne a ranar da aka sa masa ciwon ko jim kaɗan bayan haka, ita kuwa mace tana zuwa ne bayan shekara biyar, ƙashi ya riga ya ciwu. A watan Disamba na 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin farko na irin waɗannan ƙwayoyi, Ryoncil, kuma don yara masu irin ciwon yaron Sitokholm ne. Don rumatoyid, babu wanda Amurka ko Tarayyar Turai suka amince da shi. Ina nanata wannan ne saboda tallan "sitem sel", wato ƙwayoyin tushe, ya cika wayoyinmu, daga asibitocin waje masu neman miliyoyi har zuwa garin da ake kaɗawa a ruwa a sha. Ƙwayar halitta mai rai ba ta zama a cikin gari, ba ta kuma tsallake ruwan ciki. Allurar ta gaske ma, a hannun da ba a sa wa ido ba, tana ɓarna: a 2017 an buga labarin mata uku a Fulorida da suka rasa gani bayan an zuba musu ƙwayoyin kitsensu a ido.

Yaran da ake kare wa damina yanzu za su girma da ɓargon da sauro bai taɓa shi kamar na kakanninsu ba, za su fi su tsawon rai, da yawansu kuma a Tawa ko Maraɗi ko Yamai za su zauna. Idan hasashen 1968 ya tabbata, ma'aikatan lafiyarmu za su riƙa ganin hannuwan da a da ba sa gani, kuma tun yanzu akwai masu shi da ake kira masu sanyi. Abin da ke ceton irin wannan hannu sananne ne, yana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya: metotirekzet, ana shan sa sau ɗaya a mako, ba kullum ba, tare da folik asid, ana duba jini da hanta lokaci-lokaci, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan sa. Yana aiki sosai idan aka fara shi cikin wata uku zuwa shida na farko, kafin ƙashi ya ciwu. Abin da ya fi yawa a hannun mata kuwa shi ne dekisa da dikulofenak na masu tallan magani a kasuwa. Suna kashe zafin, shi ya sa ake komawa gare su, amma dekisa ta yau da gobe tana kumbura fuska, ta kawo ciwon suga da hawan jini, ta rarake ƙashi, dikulofenak kuma yana cin ciki da ƙoda. Ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye ba ya buƙatar na'ura kafin ya yi zargi. Ya tambayi mace ko hannuwan biyu ne, ko sanƙarewar safe tana wuce rabin sa'a, ko an haura mako shida ana haka, sannan ya matsa gindin yatsunta a hankali. In ta janye hannu don zafi, takardar zuwa babban asibiti ya kamata ya rubuta mata a ranar.